Kishiyar Da Na Yi Wa Kaina A Cikin Waya

Kakata ba ta kiran sunana sai ranta ya ɓaci. "Kishiya" take ce mini, irin wasan nan na kaka da jika. In na leƙa ɗakinta sai ta ce, "Ga mai ƙwacen miji nan ta iso, ko tuwo ba ta iya tuƙawa ba." Ni kuma in ce, "Haba tsohuwa, mijin da ya rasu tun ina rarrafe, me ya rage a ƙwata?" Hajiya muke ce mata. Bagobira ce, da tsagarta raɗau daga gefen baki har kusa da kunne. Ta biyo kakanmu Kaduna lokacin da ya samu aiki a masaƙa a Kakuri, suka zauna a Tudun Wada, nan aka haifi Abbanmu, nan aka haife mu. Ni 'yar fari ce, don haka Umma ba ta sakewa da ni, ko sunana ba ta faɗa. A ɗakin Hajiya na tashi, a bayanta nake kwana.

Ni baƙa ce, siririya, kuma ba yau na sani ba. Tun a Islamiyya ake ce mini sillen kara, in rama da wadda ta fi ta zafi, a tashi kowa ya manta. Madubi ɗaya ne a ɗakinmu, na jikin tsohuwar sif ɗin Hajiya, gefensa duk ya yi dabbare-dabbare. In na shafa hoda na zizara kwalli, kallo ɗaya nake yi in fita. Ba wai ina jin ni wata kyakkyawa ba ce. Kawai dai ban taɓa ɗaukar fuskata a matsayin aikin da ba a gama ba.

A kullen korona abin ya samo asali. Ƙarshen Maris na 2020 gwamnatin jiha ta hana fita dare da rana, aka rufe kasuwanni da masallatai. Mu da ma an sallamo mu daga jami'a a Zariya, ga yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, da bai ƙare ba sai Disamba. Babu biki, babu suna, babu leƙa gidan ƙawa. Sai waya. Nakan sayi datar dare mai araha, in lulluɓa da zane don kada hasken ya tashi Hajiya, in yi ta jan allo da babban yatsa har a kira assalatu.

Amare nake kallo, da ƙawayen amare, da masu kwalliya, da masu tallar atamfa da leshi. Kowacce fara sol, hanci kamar an ja shi da zare, fata babu ko ɗigon ƙurji, ga ƙirar kalangu. Ita kuma waya ta fi boka sanin abin da ke ran mutum. Duk hoton da ka daɗe a kansa, gobe za ta kawo maka ƙannensa goma. Da farko nishaɗi ne. Daga baya na lura in na ajiye wayar na kan ji wani abu ya tokare mini ƙirji, kamar an yi rabo an tsallake ni.

Wata rana da la'asar na gwada filta. Ina ɗaga wayar sai ga wata yarinya tana kallona. Ni ce, amma an wanke ni, an rage faɗin hancin, an buɗe idanun, an cike kumatun. Na sa hoton. Kafin isha'i mutanen da ba su taɓa tanka mini ba suna ta "tubarkalla", "hutu ya karɓe ki", "ashe haka kike". Da murnata na kai wa Hajiya. Ta kai wayar dab da idonta, ta janye, ta sake matsowa da ita.

"Wannan kuma 'yar gidan wa ce? Wata kishiyar aka yi mini ban sani ba?"

Na ce, "Ni ce fa, tsohuwa."

Ta dube ni, ta dubi wayar. "To, ta fi ki jini a jika. Amma ba ta yi kama da kowa a gidan nan ba."

Dariya muka yi. Sai dai bakin Hajiya ya kama, domin tun daga ranar yarinyar nan ta zame mini kishiya ta gaske. Amaren Abuja da Kano suna can nesa, ana iya cewa kuɗi ne ya gyara su. Wannan kuwa da sunana take amsawa, ɗankwalina take ɗaurawa, ita ake yabo, ni ce nake biyan kuɗin data. Da muka koma makaranta wata 'yar ajinmu ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Kai, a hoto kin fi haske." Ba da mugunta ta faɗa ba, amma kwana uku ban ci abincin kirki ba. Kowa ya gaji da takunkumin korona ya yar, ni na ci gaba da ɗaura nawa, ana ce mini mai tsoron cuta. Na bi hotunana na da ɗaya bayan ɗaya na goge, har na sauka da na kammala sakandare.

A 2021 wata ƙawata ta fara sayar da haɗin mai a intanet. A gida take kwaɓawa, ta zuba a 'yan robobi marasa rubutu, ta ce "oganik" ne, babu bilicin a ciki. Ta roƙe ni in yi mata hoton talla, irin na "kafin" da "bayan". Rana ɗaya muka ɗauki biyun. Na farko a zauren gidansu mai duhu, ta ce in ɓata rai, kada in shafa komai. Na biyu a bakin taga, da hoda, da murmushi, da filta. Tsakaninsu bai kai minti ashirin ba, amma a ƙasa ta rubuta "sati uku kacal". Ladana roba ɗaya ce.

Har yau in na tuna wannan nakan rasa yadda zan fassara kaina. Da ni aka shirya ƙaryar, na ga inda aka tsaya aka ɗauka, amma ina zuwa gida na buɗe robar na shafa. Kuma man ya yi aiki, kada wani ya ce muku ba ya yi. Cikin wata guda na yi haske har 'yan unguwa na tambaya. Abin da ba a faɗa a talla shi ne gaɓoɓin yatsu ba sa bin sauran jiki, sai su tsaya baƙi ƙirin kamar an ɗiga tawada. In na shiga rana fuskata ta riƙa raɗaɗi kamar an watsa barkono. Jijiyoyi kore suka fito a damtsena. Ga wani ƙarni in na yi gumi, wanda turare ba ya rufewa.

A cikin wannan lokacin wata yarinya ta turo mini saƙo. Ta ce tana aji ɗaya na babbar sakandare, da wayar yayarta take rubutu. "Anti don Allah wane mai kike shafawa, a makaranta bayan tukunya suke ce mini." Na karanta, na tura mata lambar ƙawata. Ko daƙiƙa goma ban yi tunani ba.

Da fata ta samu, sai ido ya koma kan jiki. A 2022 aka sake tafiya yajin aiki, wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ana shirin bikin 'yar gwaggona, aka fitar da anko, na kai ɗinki. Telar ta zagaya ni da tef ta ce, "Ke kam babu inda ɗinkin zai zauna, sai dai a sa miki ciko." Matan da ke shagon suka kwashe da dariya. A hanyar gida na tsaya a wani kemis na faɗi sunan da na sha gani ana rubutawa, sha ka fashe. Yaron shagon bai tambaye ni takardar likita ba, bai ma ɗago kai ba. Ya ƙirgo ƙwayoyi iri biyu ya ƙulle a leda.

Ɗaya tana sa yunwa da barci, ɗayar tana kumbura mutum. Ƙarfe biyun dare sai in tashi in ɗumama garau-garau in cinye a tsaye. Fuskata ta yi zagaye kamar faifai, ciki ya fito, ƙeya ta yi tudu, ƙafafuwa kuwa suna nan sillen karansu. Ƙawayen Umma suka riƙa cewa, "Masha Allah, 'yar taki ta yi kumatu, aure ya kusa." Ranar ƙaramar Sallah na ci kwalliya na jawo Hajiya muka yi hoto, tana ta mita wai na hana ta cin goro.

A waje ana yabo, ni kuma barci ya ƙaurace mini. In na sa hoto sai in zauna ina ƙirga masu dannawa, in rabin awa ta wuce ba su kai yadda nake so ba in cire shi, in shiga bayi in yi kuka. Ina bin sunayen waɗanda suka kalli sitatus ɗina, wanda ya kalla bai ce komai ba in kwana ina tunanin abin da ya gani. Waya in ta yi ƙara gabana ya faɗi. In ba ta yi ba ma ya faɗi.

Ranar da abin ya fito fili ina cikin keke napep a titin Ahmadu Bello, dab da kasuwar Gumi. Wata mata da ke gefena ta kalli hannuna da ke riƙe da jaka. Kallo ne kawai, wataƙila ma agogona take dubawa. Sai na ji zuciyata na dukan ƙirji kamar ana daka, tafin hannuna ya yi sanyi, numfashi ya ƙi wuce maƙogwaro, hayaniyar kasuwa ta koma can nesa. Na tabbata mutuwa ce ta zo. Na fara kalmar shahada da ƙarfi. Mai keken ya tsaya, wata mai sayar da ruwa ta fasa leda ta zuba mini a ka, mutane suka taru ana "a ba ta iska". Bayan kamar kwata na awa abin ya sake ni, ya bar ni jiƙe sharkaf ina rawar ɗari, ga kunya.

A gida aka ce iska ce, wasu suka ce kambun baka ne saboda yawan sa hoto. Aka kira malami ya yi mini ruƙiyya, aka kawo tofi da habbatus sauda. Ba zan raina wannan ba, karatun Alƙur'ani ya sanyaya mini rai ƙwarai. Sai dai ƙwayoyin suna nan a aljihun jakata na ciki, kullum da dare ina haɗiya da ruwan tofin.

Ƙanwar Umma ce ta gano ni, ma'aikaciyar jinya ce. Ta zo dubiya, ta kama hannuna ta juya, ta danna kumatuna, ta ce in ɗaga hannu. A hammatata da cinyoyina wata irin nankarwa ce mai faɗi, ja-ja, kamar an yage fatar. Ta tura ƙofa ta ce, "Ke, dube ni nan. Me kike sha?" Na ce babu komai, Anti. Ta miƙa hannu kawai. Na ɗauko ledar.

Likitan da ta kai ni wurinsa bai yi faɗa ba, na ma fi son a ce ya yi. Ya ce ƙaramar ƙwayar deksametason ce, sitiroyid, magani mai ƙarfi da ake ba masu asma da kumburi. Abin da nake ɗauka ƙiba ruwa ne da kitse da suka taru inda bai kamata ba. Tana hawar da jini da sukari, tana raunana ƙashi, tana hana barci, ita kanta tana iya jawo fargaba. Ɗayar saiproheptadin ce, maganin borin jini, yunwar da take sawa ce mutane ke bi. Aka auna sukarina aka ga ya hau. Na ce to daga yau na daina. Ya ce a'a, a nan ne hatsarin yake. Wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda su ne ke samar wa jiki irin wannan sinadarin, in aka daɗe ana shan na kanti sai su yi kwance, in aka yanke rana ɗaya mutum na iya faɗuwa. A hankali aka riƙa rage mini har aka sauke. Man kuwa ya ce tunda babu rubutu ba zai rantse ba, amma irin waɗannan haɗe-haɗen sukan ƙunshi sitiroyid da haidrokwinon, wani lokaci har da zaiba mai lalata ƙoda.

Da ya rubuta takarda ya ce in je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa saboda fargabar, nan gida ya rikice. Umma ta ce, "In aka ji an kai ta can wa zai aure ta?" Abba ya yi shiru. Hajiya ce ta tofar da goro ta ce, "Ciwo ciwo ne. Ni zan raka kishiyata, in sun ga dama su riƙe mu mu biyu." Haka ta yafa mayafi, da sandarta, muka tsallaka gada.

Matar da nake gani a can ba ta ce in jefar da waya ba. Ta ba ni aiki, in riƙa rubuta yadda nake ji kafin in ɗauki waya da bayan na ajiye. Sati biyu na duba littafin na ga da hannuna na rubuta "ba daɗi" sau goma sha ɗaya. Ta sa na daina bin duk shafin da ke bar ni da wannan nauyin, na daina kwana da waya a gado, ta koya mini yadda zan ja numfashi in abin ya taso. Mafi wuya shi ne tsayawa gaban madubi in faɗi abin da na gani ba tare da zagi ba. Hanci. Ido biyu. Tabo a goshi. Ranar farko ban kai minti ɗaya ba.

Ita ce ta gaya mini cewa auna kai da wasu ba ciwo ba ne, ɗabi'ar ɗan Adam ce, wani masani Ba'amurke, Leon Festinger, ya yi rubutu a kai tun 1954. Bambancin shi ne Hajiya da 'yan matan dandali ɗaya ta yi gasa, tana ganinsu da safe da kwantsa a ido. Ni kuwa da dubbai nake yi, kowacce a ranar da ta fi kyau, bayan an zaɓi hoto ɗaya cikin hamsin. Ta kuma ba ni labarin Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook da ta fitar da takardun cikin gida a 2021 har ta ba da shaida a Majalisar Dattawan Amurka. A ciki akwai binciken da kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya suka ce in suna jin haushin jikinsu, Instagram, manhajar hotuna ta kamfanin, na ƙara musu. Kamfanin ya ce an yi wa binciken gurguwar fassara. Ni abin da ya tsaya mini daban ne. 'Yan matan nan da yawansu suna da farar fatar da nake saye a roba, kuma rama suke nema ido rufe, ni ina shan ƙwaya don in yi ƙiba. Da za a haɗa mu a ɗaki ɗaya, kowacce jikin 'yar'uwarta za ta roƙa.

Barin man ya fi barin ƙwayar azaba. Fata ta rama bashinta, na yi baƙin da ban taɓa yi ba, ƙuraje suka feso, wata shida ina fama. Waɗanda suka ce hutu ya karɓe ni su ne suka dawo suna tambaya ko jinya na yi. A cikin wannan halin, farkon 2023, na ji a rediyo hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa, ana ambaton ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da man ƙara haske. Masu kiran waya, yawancinsu maza, suka yi ta tsine wa mata. Na yi tsaki. Su ɗin ne dai in za a nema musu aure suke cewa a samo fara, iyayensu mata kuma in an kawo amarya fatar suke fara dubawa kafin hali. A bar kaza cikin gashinta kawai.

Ba zan ce na warke sarai ba. Sau biyu na koma wa filta, nankarwar kuma likita ya ce ta zauna ke nan, sai dai ta dusashe. Na nemi yarinyar nan mai wayar yayarta, na rubuta mata doguwar wasiƙa na faɗa mata yadda aka ɗauki hoton zaure da na taga. Har yau saƙon yana nan ba a buɗe ba.

Bayan babbar Sallah ta 2023 Hajiya ta rasu, da asuba, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Ranar uku dangi suka cika gida, har da na Sabon Birni. Aka ce a samo hotonta, kowa ya juyo gare ni tunda ni ce mai hotuna. Na buɗe na ƙaramar Sallar nan na miƙa wa gwaggona. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan ba uwata ba ce. Ina tsagarta?"

Na karɓa na duba. Filtar ba ni kaɗai ta kama ba. Ta bi fuskar Hajiya ta shafe tsagar Gobir tas, ta goge tamojin goshi, ta yi mata haske, ta mai da ita wata baƙuwar mata mai santsin kumatu. Na bi sauran hotunan da muka yi tare, duk haka suke. Waɗanda ba haka ba ni na goge su da hannuna tuni. Shekara ɗaya da wani abu hoton nan yana wayata, na kalle shi ya fi sau ɗari, ban taɓa lura ba, domin fuskata kaɗai nake dubawa.

Ƙanena ne ya fitar da mu, da wata tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi. Ya ɗauka lokacin kulle ba mu sani ba. Hajiya na zaune a tabarma tana gyaran zogale, tana dariya, haƙoran nan ja da goro, tsagar ta fito har ana iya ƙirgawa. Ni ina gefenta, ɗankwali ya zame, baki buɗe ina mata surutu, baƙa, siririya, gwiwar hannu kamar ta tsaga riga.

Bayan sadakar bakwai na kai hoton wani shagon wanke hotuna a unguwarmu, na ce a yi mini babba a sa a firam. Yaron ya buɗe shi a kwamfuta, ya kama linzami ya ce, "Hajiya, a ɗan goge fuskokin a ƙara haske?"

Na ce a bar su yadda suke.

Ya nuna gefen da nake ya ce, "Har taki?"

Na ce, "Har tawa."